Rani na farko a dawa: inda na kai da koyon farauta

Assalamu alaikum 'yan'uwa 'yan koyo, musamman ku da kuka shigo wannan harka da furfura a ka irina. Na yi alkawarin zan riƙa sanar da ku inda na kai, sai ga shi har ruwan farko ya sauka ban cika ba. Ga abin da na tsinto daga ɗan littafin da nake yawo da shi a aljihu. Halin akawu ba ya barin mutum: shekara 35 ina rubuta shiga da fita a ofishin kuɗi, yanzu kuma zomaye nake lissafawa.

Na kama aiki a 1989, na ajiye a 2024, tunda ƙa'idar aikin gwamnati ita ce shekara 35 a bakin aiki ko 60 da haihuwa, duk wadda ta riga zuwa. Maganar garatuti kuwa har yau "a dawo wata mai zuwa" ake yi, bari in bar ta nan kada ta ɓata mana hira. Wata uku na yi ina zaman ƙofar gida a Bauchi, daga tabarma sai masallaci sai rediyo. Hajiya da bakinta ta ce, "Alhaji, ka nemi abin yi, zaman nan zai sa maka ciwo." Ba ta san abin da ta jawo ba. Na tattara na nufi ƙauyenmu wajen Darazo, na je na durƙusa gaban Sarkin Baka, wanda muke kira Baba, mutumin da tun ina firamare nake raka shi da ido in sun fito da gangi da karnuka, shi yana matashi a lokacin.

Nuwamba

Na je masa da bindiga adaka sabuwa fil, da takardar lasisinta da na sha wuya kafin ta fito. Baba ya juya ta, ya leƙa bakinta, ya miƙa wa jikansa ya ce a kai ɗaki. Ya ɗauko wata gora da hannu ya sa ta yin sheƙi, ya ba ni.

"Akawu, ƙafa za mu fara koya."

Na ji haushi, ba zan ɓoye muku ba. Mutumin da ake miƙe masa in ya shigo ofis, yau an ba shi sanda an ce ya bi bayan yara. Fitar farko awa uku muka yi tsakanin sabara da kalgo, na dawo ƙafafuna sun kumbura, wandona ya cika da ƙarangiya. Ko ɓera ban gani ba, alhali su sun ga zomo biyu da garken zabi. Da na yi ƙorafi Baba ya ce ai ni na kore su: "Tafiyarka ta mai zuwa karɓar albashi ce." Dunduniya nake fara bugawa da ƙasa, busasshen ganye yana ƙara kamar ana murza leda. Shi kuwa gefen ƙafa yake fara ajiyewa, ya ji abin da ke ƙasa kafin ya saki nauyinsa, taku biyar ko shida ya tsaya ya saurara. Har ƙarshen Janairu bai bar ni na taɓa bindigar ba.

Disamba

Wannan watan shi ne na fi ƙaruwa, don haka zan daɗe a kansa. Karatun sawu muka yi, kuma karatu ne sosai, har da haddarsa.

Da asuba muke fita, bayan salla, mu isa bakin fadama rana tana ɗagowa. Dalili shi ne hasken da ke zuwa a kwance yana sa wa sawu inuwa, sai ya fito raɗau. In rana ta take tsaka, ƙasar nan duk ɗaya za ka gan ta. Baba yakan sa ni in zagaya yadda sawun zai kasance tsakanina da rana, sannan in durƙusa. Gwiwata ba ta son wannan darasi ko kaɗan.

Sawun zomo ya ruɗe ni kwanaki. Huɗu-huɗu yake zuwa, biyu dogaye a jere, biyu ƙanana ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka ƙananan su ne gaba, sai na yi ta bin sa da baya, ina komawa inda ya fito. Yaran suna kallona suna danne dariya, ba wanda ya tanka sai da na yi nisa. Ashe in zomo yana tsalle ƙafafun baya ne ke wuce na gaba su sauka, don haka dogayen nan biyu su ke nuna inda ya dosa. Ku riƙe wannan, kada a yi muku dariyar da aka yi mini.

Sawun gada kamar na ɗan akuya yake, sai dai ya fi tsini da matsewa, kuma yawanci ita kaɗai za ka gani, awaki kuwa tururuwa suke yi su tattake wuri. Zabi suna barin yatsu uku gaba, da ramukan da suke birgima a ƙura, da gashi mai ɗigo-ɗigo nan da can. Amma sanin mai sawu shi ne mai sauƙi. Abin da ke raba maharbi da mai yawo shi ne sanin yaushe aka yi shi. Sabon sawu bakinsa kaifi ne, cikinsa ya ɗan fi ƙasar gefe duhu. Iskar hunturu tana tashi da hantsi, ta share bakin, ta zuba ƙura a ciki. In ka ga zanen tafiyar ƙwaro ya ratsa ta kansa, to na jiya da dare ne ko ma shekaranjiya. Kashi kuma murza shi ake yi da yatsa: in da danshi, mai shi bai yi nisa ba. Ranar da na fara tsugunawa ina murza kashin zomo, sai da na tuna da tebur ɗina da hatimi da fanka.

Sai iska. Baba yana da ɗan ƙunshin toka a aljihu, yakan ɗebo da yatsa biyu ya saki. Inda tokar ta nufa, can warinka ya nufa, sai ka bi ta inda iskar za ta riƙa bugun fuskarka. A hunturu daga arewa maso gabas take zuwa galibi, amma cikin kwari ko gindin dutse tana juyawa yadda ta ga dama. An kuma raba ni da turare da sabulu mai ƙamshi duk daren da za a fita. Hajiya ta ce wannan kam ba ta yafe wa Sarkin Baka ba.

Janairu

Zomona na farko da gora na same shi, ranar Asabar, gindin wata geza. Baba ya taɓa ni da gwiwar hannu, ya nuna da leɓe. Na duba, na sake dubawa, ba komai sai ciyawa. Can sai na ga ido. Ido kawai, baƙi, a buɗe, sannan sauran jikin ya fito mini a hankali, kunnuwa a kwance a baya. Zomo yakan lafe har ka kusa taka shi. Baba ya raɗa mini kada in tsaya kuma kada in kalle shi kai tsaye, in ci gaba da tafiya kamar zan wuce, sai na zo daidai in yi bismilla in sake. Hannuna yana rawa na jefa. Na same shi a ƙugu, ya yunƙura yana jan baya, Bar-su, karen wani yaro, ya cafke.

Nan gardama ta tashi. Mai kare ya ce nasa ne, yaran gidan Baba suka ce jifana ne ya karya shi. A nan na gane abin da ke sa faɗa a farautar gayya, inda garuruwa ke haɗuwa, kowa da wuƙa a ƙugu da kirari a baki. Baba ya fara cewa a yanka tukuna, tunda da ransa aka same shi, sannan ya yanke hukunci: nama na wanda ya fara zubar da jini ne, mai kare a ba shi cinya. Haka al'adar take a wajenmu, wataƙila ta wajenku daban ce, ku tambaya kafin ku fita da mutane. Mai karen ya rataya zomon a kafaɗarsa har gida yana mita, ni kuwa ina tuna karin maganar nan ta zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Da daddare na kai wa liman tambaya, don zuciyata ta ɗan yi nauyi. Ya karanto mini aya ta 4 a Suratul Ma'ida a kan abin da dabbar da aka horar ta kamo da ambaton sunan Allah, sannan ya ce a Risala an faɗa cewa farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa ta halatta. Ya dube ni ya ce, "To Alhaji, taka wace ce?" Na yi shiru. Tun ranar na ɗaura wa kaina ƙa'ida: abin da ba za a ci a gidana ko gidan maƙwabta ba, ba zan ɗaga masa hannu ba. Na bar dila da tunku sun wuce ina kallo har sau uku.

A ƙarshen watan aka dawo mini da adaka. Zabi muka je wa kwanto bakin tafki da yamma, inda suke saukowa sha kafin su hau bishiya kwana. Zama ne na awa biyu ba motsi, ƙafa ta mutu, tari ya taso ka haɗiye shi. Harbina na farko hayaƙin albarushi ya rufe ni, kafin ya washe ba zabo ko ɗaya, sai kafaɗata da ke zogi. Ga lissafin rani gaba ɗaya, tunda na san za ku tambaya: harbi 14, zabi 3, fakara 2. Da gora, zomo 4. Abu ɗaya da Baba ba ya wasa da shi: kada ka taɓa ɗura bindiga sai ka tabbatar ba ɗuri a cikinta, don ɗuri a kan ɗuri shi ke fasa ta a hannun mai ita. Ya nuna mini wani dattijo a kasuwa mai yatsa uku, bai ƙara komai a kai ba.

Fabrairu

Saura ƙiris in taka kububuwa. Na ɗaga ƙafa zan tsallake wani kututture sai na ji wani sauti kamar ana zuba ruwa a kan garwashi, ashe ita ce take goga jikinta. Na daskare da ƙafa ɗaya a sama. Takalmin danƙo ne a ƙafata ranar, irin wanda yaran ke sawa. Washegari na sayi but mai tsawo, duk zafinsa. Baba yana da layunsa da saiwoyinsa, ban raina masa ba, amma na gaya wa ɗana cewa in tsautsayi ya faɗa, kada a tsaya ɗaure ƙafa ko tsaga, a sa ni a mota sai asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo.

Abin da ya ɓata mini rai a watan shi ne wuta. Wasu samari suka cinna wa fadama don gafiya da ɓeraye, ta cinye gamba da ƙananan itatuwa, ta kusa kai wa ga karan wani bawan Allah. Wurin da na yi wata biyu ina koyon sawu ya koma toka. Ga kuma zazzaɓin Lassa da ɓera ke yaɗawa, wanda a rani ya fi tashi, jiharmu kuma tana cikin waɗanda yake damu. Na yi magana, aka ce ɗan boko ya zo da tsari.

Na kai jikokina Yankari a ƙarshen mako, ba gora ba bindiga, don can ba a farauta. Tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. Su suna ɗokin wanka a ruwan ɗumi na Wikki, ni kuwa idona yana ƙasa. Na ga sawun ɓauna a laka, faɗinsa ya kusa tafin hannuna, na ga gwanki tsaye a inuwa. Waɗannan su ne namun da Baba ke ba da labarin yana gani a dajin garinmu yana saurayi. Da na dawo na nuna masa hoton a waya, ya daɗe yana kallo, ya ce in ƙara masa girma.

Maris zuwa Afrilu

Azumi da zafi suka rage fita, sau huɗu kacal. Ana gab da Salla labarin Uromi ya iso, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a jihar Edo suna hanyar komawa gida. Ƙauye ya yi tsit, don kusan kowane gida da wanda ke zuwa farauta Kudu. Na fasa tafiyar da aka gayyace ni wata jihar. Shawarata gare ku: ku tsaya a dajin da aka san ku, mai gari ya san fitarku, lasisi yana aljihu, kuma dajin da aka ce ba lafiya kada ku gwada jarumta a kansa.

Mayu

Ruwa ya sauka ranar Talata da dare, da safe Baba ya aiko a ce mini an rataye. Zabi za su fara ƙwai, namun dawa na da ciki ko goyo, mutane kuma sun koma gona. Na wanke adaka, na shafe ta da mai, na naɗe a tsumma.

Aikin damina biyu ne a gabana. Na farko Baba ya yi mini alkawarin kan burtu, irin wanda maharbi ke ɗaurawa a goshi ya rarrafa yana sunkuyar da shi kamar tsuntsun yana kiwo, har ya kusanci nama. Ya ce sai na iya rarrafe daga ƙofar gidansa zuwa gindin tsamiya ba tare da na dafa ƙugu ba. Ina gwadawa a tsakar gida bayan isha'i, in yara sun kwanta. Na biyu, mai Bar-su ya huce har ya ba ni ɗan kwikwiyo, ja mai farin ƙirji. Yana amsa fito, yana bin fatar zomo in na ja ta da igiya, amma da ya kama sai ya ruga bayan rumbu da ita, ba ya kawowa. Wanda ya taɓa raba kare da wannan hali a cikinku, ya taimaka mini da dabara kafin kaka.