Yoyon Mai a Gindin Distibita

Garejina ƙarami ne, ni da yara uku, rami ɗaya, sai rumfar da ke cin mota biyu. Yawancin motocin da ake kawo mana sun haura shekara 20, irin su Honda Civic da Accord da Toyota Corolla na shekarun 1990, waɗanda har yanzu distibita ce ke raba wa fulogoginsu wuta. Sababbin motoci sun rabu da ita tun wajajen 2000, kowane fulogi da kwayil ɗinsa a ka. Ni kuwa a kanta na koyi aiki, kuma yoyon baƙin mai daga gindinta na cikin ayyukan da nake so, domin a nan nake gane yaron da ke da natsuwa.

Kwanakin baya wani dattijo ya shigo da tsohuwar Civic, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, sau biyu ana canza mini gaskit ɗin murfin saman inji, amma kullum da safe sai na tarar da ɗigo a ƙasa." Na ce, "Baba, zauna ka huta. Ba zan kwance ko noti ɗaya ba sai na ga inda man ke fitowa da idona."

Na sa yara suka wanke gefen injin da kananzir da buroshi, muka busar da shi ƙarau, sannan muka tayar da mota muka bar ta har fanka ta kama. Shi mai, ƙasa yake gangarawa, iska kuma ta kwashe shi ta shafa ko'ina, shi ya sa inji mai dauɗa kan sa a ɗora wa gaskit laifin da ba nasa ba. Wurin da ya fi kowane tsayi cikin wuraren da suka jiƙe, nan ne mafarin yoyon. Na zura ƙaramin madubi da tocila ƙarƙashin distibitar, sai ga wani siririn zare na mai yana sulalowa daidai inda ta haɗu da kan inji. Na kira dattijon ya leƙa da kansa.

A irin waɗannan injina distibita a kwance take a ƙarshen kan inji, bakinta ya shige cikin kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul-bawul na inji, shi ke juya ta. Kamshaf cikin mai yake wanka, kuma abin da ya tare man kada ya fito zoben roba ne guda ɗaya, wanda muke kira orin. Shekara da shekaru zafi na gasa shi har ya bushe ya baje, ya daina matsewa. Na motar dattijon da na taɓa shi karyewa ya yi gida uku kamar busasshen kara.

Ɗigon da ke ƙasa bai dame ni kamar abin da man ke ɗiga a kai ba. A Honda akwai tiyon ruwan zafi da ya bi ta ƙarƙashin distibita, kuma baƙin mai na cin irin wannan robar. Na danna tiyon da babban yatsa, ya lotsa kamar soso, ya kumbura a bakin kilif. Da an ƙara wata biyu, a tsakiyar hanya zai fashe, ruwa ya tsiyaye, inji ya ɗau zafi. Na sha ganin injin da ya ƙone ta wannan hanya, kuma duk lokacin sai abin ya tsaya mini a rai, don zoben da ya jawo asarar bai kai faɗin tafin hannu ba.

Kafin a ce orin ne kaɗai, sai an buɗe murfin distibitar. Akwai sil, wato robar tare mai ta biyu, a ciki, a jikin sandar da ke juya rota, abin da ke zagayawa cikin murfin yana raba wuta. In ka ga mai ya kwanta a cikin murfin, shi ne ya mutu, kuma canza na waje ba zai hana mota shaƙewa da tsallen wuta ba. Nakan kama sandar in girgiza. In tana wasa, ko na ga jan gari kamar tsatsa a ciki, boris ya tafi, gara a canza distibitar ɗungurungum. Ta dattijon a bushe take, sandar daram.

A garejina ba a ɗora sifana a kan distibita sai an yi alama. Ramukan notinta dogaye ne da gangan, don a riƙa karkata ta ana saita taimin, wato lokacin da wuta ke isa fulogi. Ita kuwa rota zagaye ɗaya take yi a duk zagaye biyu na kirankishaf, babbar sandar da fistin ke juyawa, saboda haka in ka goce da digiri 1 a distibita, ka goce da digiri 2 ke nan a inji. Da tsinin ƙarfe nake jan layi siriri daga kunnenta, inda noti ke kamawa, zuwa jikin inji, don fenti da alli ba sa jure mai. Sai in lura da inda rota ta dosa, in cire kan batir, in zare makulli in sa a aljihuna don kada wani ya murza inji tana waje. Wayoyin fulogi a jikin murfi nake barinsu. In dole sai an cire, to a rubuta lamba, jerin wutar 1-3-4-2 ne. Injinan da distibitarsu ke tsaye da giya a gindi sun fi wuya, don rota na karkacewa yayin da kake zarowa, sai an yi alama biyu.

Wajen mayarwa na taɓa yin asara a farkon buɗe garejin. Haƙoran bakin distibita ba a tsakiya suke ba, an ɗan gusar da su gefe don su shiga ta fuska ɗaya kawai. Na sa ta a juye, ta ƙi zama, na ce bari noti ya ja ta. Kunnenta ya tsage, na sayi wata daga aljihuna. Tun ranar nake gaya wa yara, in ba ta zauna da hannu ba, a zaro a juya rota.

Tsohon zobe ba a ɓanɓare shi da sukudireba, don kwarmin da yake zaune a ciki na alminiyam ne, ƙarzane ɗaya ya isa ya buɗe wa mai sabuwar hanya. A goge kwarmin tas, a shafa wa sabon zobe sabon mai, a zura shi ba tare da ya murɗe ba. Gam ba ya cikin aikin nan, kuma ba na yarda a tsinto kowane zobe daga akwati don ya yi kama. Man inji kan kai wajen digiri 100 na zafi, robar gama-gari kuwa daga 120 ta fara gajiya, ita kuwa irin da ake kira Viton tana jure wajen 200. Nakan kuma duba bawul ɗin numfashin inji. In ya toshe, iska na taruwa a ciki ta tura mai ta kowace kafa, sabon zoben ma ba zai daɗe ba.

Ko layina ya hau daidai, sai na haska fitilar taimin bayan inji ya yi zafi. Saitin da ake yi da sauraron ƙarar inji bai ishe ni ba. Adadin digirin na rubuce a takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet. A Corolla sai an haɗa ramukan waya biyu masu suna TE1 da E1 a soket ɗin gwajin inji kafin a nemi digiri 10, Honda ma tana da nata soket ɗin mai waya biyu.

Muka canza wa dattijon zobe da tiyo, muka cika ruwa, muka fitar da iska. Na roƙe shi ya bar motar ta kwana, na shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashinta. Da safe ya riga mu isowa. Ƙaramin yarona ya durƙusa ya jawo kwalin, ya ɗaga masa da hannu biyu ya ce, "Baba, duba, ko ɗigo babu."