Aikin dare a bakin kogin Aare

Villigen ƙauye ne a jihar Aargau ta ƙasar Suwizalan. A nan cibiyar bincike ta Paul Scherrer take, kogin Aare ya ratsa ta tsakiyarta. Karatun digiri na uku ne ya kawo ni. Na kama ɗaki a Brugg, kullum sai in bi bas mai ruwan ɗorawa zuwa wurin aiki.

Da sanyi na iso. Hazo ya rufe kwarin, rana kan yi kwanaki ba ta leƙo ba. Jamusancin da na koyo bai fisshe ni a kanti ba, don na bakinsu daban yake da na littafi. Lahadi shaguna a kulle. Naman halal sai wajen Turkawa. Kewar gida ta dame ni ƙwarai.

Aikin ne ya zaunar da ni. A kan wani ƙanƙanin ɓurɓushi mai suna muwon muke bincike. Muwon ɗan'uwan elektron ne, wato ɓurɓushin da ke ɗauke da lantarki a cikin waya, amma ya ninka shi nauyi sau 207, kuma rayuwarsa kusan kashi biyu ce cikin miliyan na daƙiƙa. Idan ya tsaya cikin iskar haidurojin, wani lokaci furoton, wato ɓurɓushin da ke tsakiyar ƙwayar haidurojin, kan haɗiye shi, sai furoton ɗin ya zama niyutron, ɗan'uwansa marar cajin lantarki. Da wuya hakan ke faruwa, bai kai biyu cikin dubu ba. Saboda haka masu gwajin MuCap, da aka yi a nan kafin zuwana, maimakon ƙirga haɗiyar kai tsaye, suka bi ta wata hanya: suka auna yadda haɗiyar ke gajarta rayuwar muwon, bayan sun tattara bayanan mutuwar muwon sama da biliyan goma. A 2013 suka fitar da sakamako: ma'aunin saurin haɗiyar kusan 715 ne a daƙiƙa. Tsabtar iskar ce ta fi burge ni. Ɗan ɗigon naitirojin ko laima kan sace muwon ya ɓata lissafi, shi ya sa suka riƙa tace ta ba dare ba rana.

Injin da ke samar da muwon ɗin ba ya barci, mu ma da karɓa-karɓa muke gadin na'urorinmu. A waɗannan darare na yi abokai. Da azumi ya zo, wata abokiyar aiki 'yar Italiya ta karɓi rana ta bar mini dare ba tare da na roƙa ba, a ɗakin shan shayi na riƙa yin sahur. Wani dattijon ma'aikacin injin kuwa ya ɗauki nauyin koya mini harshen gari, yanzu ina iya gaisawa da maƙwabta har mu taɓa hira a bakin ƙofa.