Darussan da babban zagayen manhaja ke koya wa mai rubuta ta

Duk manhajar da ke da taga da maɓallai, ta waya ce ko ta kwamfuta, a ƙarƙashinta akwai zagaye guda da ba ya tsayawa sai an rufe ta. Na'ura tana jera mata saƙonni a layi: an danna maɓalli, an saki, linzamin kwamfuta (mouse) ya motsa, yatsa ya taɓa allo, an rage girman taga. Zagayen ya kwashe su, ya gyara lissafinsa, ya zana allo, ya koma farko. A Windows za ka gan shi da umarnin GetMessage da DispatchMessage, a SDL, wato kayan aikin rubuta gem da manhaja, da SDL_PollEvent. Qt, wani kayan aikin gina manhaja, da Android sun ɓoye maka shi, amma yana nan daram. Yawancin matsalolin da matasanmu masu koyon wannan sana'a a Yaba da Agege cikin Legas suke kawowa, in aka bi diddigi, can suke komawa.

Fara da lissafi. Allon da ke sabunta hoto sau 60 a sakan ɗaya ya ba ka kusan milisakan 16.7 ka gama komai. Ka wuce haka, hoto ya fara tsalle. Ka kai sakan 5 ba ka amsa taɓawar yatsa ba, Android ta fito da saƙon cewa manhaja ta daina amsawa, ta ba mutum zaɓin rufe ta. Windows ma kusan sakan 5 take jira kafin ta dusashe tagar. To me ke cinye lokacin? Kusan kullum abu uku ne: neman bayani ta intanet, karanta babban fayil, ko tambayar ma'ajiyar bayanai, duk a cikin aikin da ke amsa danna maɓalli. A ofis mai intanet mai ƙarfi amsa takan dawo nan take, sai ka ɗauka lafiya lau. A kai wayar cikin kasuwar Mile 12 da rana tsaka, netwok ya yi nauyi, amsar ta ɗauki sakan takwas. Zagayen tamkar mai POS ne shi kaɗai a rumfa: in ya bar kujerarsa ya tafi banki saboda mutum ɗaya, layin gaba ɗaya ya tsaya. Shi ya sa tun Android 3.0 a 2011 aka hana kiran intanet a kan babban zare (thread), wato hanyar aikin da wannan zagaye ke gudana a kanta.

Magani shi ne a miƙa aikin ga wani zaren daban. Sai dai nan ma akwai tarko, don zaren baya ba shi da hurumin taɓa allo. In ya gama, ya jefa sakamakon cikin layin saƙonni, babban zare ya ɗauka ya zana. PostMessage a Windows, SDL_PushEvent a SDL, g_idle_add a GTK (shi ma kayan aikin gina manhaja ne), runOnUiThread a Android, duk wannan aikin suke yi. Wanda ya karya wannan doka manhajarsa za ta yi aiki sau ɗari ta faɗi sau ɗaya, kuma irin wannan faɗuwar ita ta fi wuyar ganowa.

Wanda ya ga allo bai motsa ba sai ya sake dannawa, ya sake. Dannawar ba ɓacewa take yi ba, tana layi. In maɓallin na tura kuɗi ne, kuɗin mutum zai fita sau uku. A kulle maɓallin a farkon aikin, tun kafin a tura komai, a buɗe shi bayan amsa ta dawo ko an tabbatar ta gagara. Wannan ba zaɓi ba ne a wurina, haƙƙin mai kuɗi ne.

A kowane zagaye a kwashe layin tas, ba saƙo ɗaya ba. Linzami na yau da kullum yana aiko rahoto sau 125 a sakan, na masu wasan gem yakan kai 1000. Mai ɗaukar saƙo ɗaya a kowane zane yana cire 60 ne kawai, sauran suna taruwa, har hannu ya tsaya alamar linzami tana ci gaba da tafiya.

Batun kibod ya fi shafar mu. Maɓallin da aka danna daban, harafin da ya fito daban. Kwamfutocin gwanjo da ake sayarwa a Computer Village a Ikeja, wasu daga Faransa ko Beljiyam suka fito da tsarin AZERTY, inda Z ke zaune a gurbin W, Q a gurbin A. In gem ne, a ɗaure motsi da gurbin maɓallin, wato abin da SDL ke kira scancode, hannu zai faɗa daidai ko wane kibod ne. In rubutu ne kuwa, kada ka haɗa harafi da kanka daga lambar maɓalli. Ka jira saƙon rubutu, SDL_TEXTINPUT a SDL2 ko WM_CHAR a Windows. Ta nan ɓ da ɗ da ƙ suke shigowa, tunda a wasu kibod na waya sai an danne harafi an zaɓo mai lanƙwasa. Kowannensu bayit biyu ne, wato gurbin ajiya biyu, a UTF-8, tsarin da ake adana haruffa da shi. Manhajar da ke goge bayit ɗaya idan an danna gogewa za ta bar rabin harafi, allo ya nuna akwati ko alamar tambaya. Maƙwabtanmu Yarbawa nasu ya fi haka, domin harafi mai ɗigo a ƙasa da alamar sauti a sama lambobi biyu ne da ido ke gani a matsayin ɗaya. A Legas dole ka gwada duka biyun.

Akwai kuma maɓallin da ke maƙalewa. Mutum yana danne da maɓalli sai ya koma wata taga, saƙon saki ya tafi can, taka manhajar tana ganin har yanzu a danne yake. Da zarar saƙon barin taga ya iso, a share jerin maɓallan da ke danne.

Zagayen da ke duba layi ba hutawa yana iya cinye sashe guda na furosesa, ƙwaƙwalwar na'ura, ɗari bisa ɗari alhali babu wanda ya taɓa komai. Fanka ta tashi, batir ya zube, a garin da ake dogaro da janareto da inbata. Manhajar lissafin shago ba ta buƙatar zane sau 60 a sakan, ta yi barci da SDL_WaitEvent ko GetMessage har saƙo ya zo. Gem ne ke buƙatar zagaye marar tsayawa, shi ma a ɗaure shi da saurin allo. A auna lokacin da ya wuce tsakanin zane da zane, a kuma sa masa iyaka, misali milisakan 100. A Windows, in mutum ya kama saman taga yana ja, zagayen SDL2 yakan tsaya har ya saki, kuma in babu iyakar, ya riƙe ta sakan uku, lissafin sakan ukun zai shiga taki ɗaya, ɗan wasan ya ratsa bango ya fita.