Harafi Ɗaya da Ya Sa Na Sauya Editan da Nake Rubuta Verilog da Shi

Lokacin da na fara rubuta Verilog, harshen da ake bayyana da'irar lantarki da shi, domin ƙaramin allon FPGA, wato guntun lantarki da ake iya sake tsara da'irar cikinsa, ban ɗauki zaɓen edita, manhajar da ake rubutun a cikinta, da muhimmanci ba, domin manhajar kamfanin da ya ƙera allon ta zo da nata, kuma yana sanya wa kalmomi launi, wanda a wancan lokacin shi ne iyakar abin da nake nema. Aikin da ke gabana shi ne da'irar UART, mai karɓar bayanai bit ɗaya bayan ɗaya ta waya, da za ta karɓi bit 8 daga kwamfuta ta nuna su a kan fitilu takwas.

Kwana biyu cur na yi ina fama, fitila ɗaya kaɗai ke kamawa. Ashe na ayyana wayar da ke haɗa sassan da'irar biyu, mai karɓa da mai nunawa, da suna rx_data, amma wajen haɗawar sai na rubuta rx_dta, sannan na kwafi kuskuren zuwa sashe na biyu. A Verilog, wanda hukumar IEEE ta daidaita ƙa'idarsa a 1995 da lamba 1364, idan ka jona sunan da ba ka ayyana ba a ƙofar wani sashe, wato inda waya ke shiga ko fita daga cikinsa, harshen ba ya tsayar da kai. Shi da kansa yake ƙirƙiro waya mai bit ɗaya ya ci gaba. Bit bakwai suka zube a hanya. Gargaɗin yana nan cikin rahoton haɗa da'ira, ni ne ban karanta ba, saboda ya nutse cikin tarin wasu gargaɗin. Da VHDL, wani harshen bayyana da'ira, nake rubutawa da hakan bai faru ba, domin shi ba ya yarda da sunan da ba a ayyana ba.

Daga nan ma'aunina ya canja, na koma tambayar ko edita zai nuna mini irin wannan kuskure tun ina rubutu, kafin in zauna jiran haɗa da'ira da loda ta a allo, aikin da ke cin mintuna kowane zagaye.

Editan Emacs na fara gwadawa, saboda tsarinsa na verilog-mode yana da abin da ya dace da matsalata ƙwarai. Idan ka rubuta /*AUTOINST*/ a inda za ka kira wani sashe, ka danna C-c C-a, sai ya je ya karanto ƙofofin sashen ya jera su da kansa, /*AUTOWIRE*/ kuma ya ayyana wayoyin tare da faɗinsu daidai. Wanda bai buga suna da hannu ba, ai ba zai yar da harafi ba. Har yanzu ina ganin ga babban aiki mai sassa da yawa wannan dabara ta fi duk wadda na gani, sai dai yatsuna sun ƙi sabawa da maɓallansa, kuma makonni biyu na gwaji ba su gyara hakan ba. Vim kuwa ban daɗe a kansa ba.

A ƙarshe VS Code na zauna da shi, ba don ya fi su ba, sai don ya karɓi ƙarin manhaja da ke kiran Verilator, manhajar da ke duba rubutun Verilog, duk lokacin da na adana fayil. Verilator, wanda Wilson Snyder ke kula da shi kamar yadda yake cikin masu kula da verilog-mode ɗin, idan aka ba shi umarnin --lint-only -Wall, yana duba rubutun kawai, ya ba da gargaɗi, editan kuma ya ja layi ƙarƙashin sunan da ba a ayyana ba da inda faɗin wayoyi bai zo ɗaya ba. Na mayar da rx_dta da gangan domin in gani, cikin daƙiƙa kaɗan ya kama shi. Duk da haka, kowane fayil nawa yanzu da `default_nettype none yake farawa, domin wannan layin yana hana ƙirƙirar wayar ɓoye ko da a wane edita aka buɗe fayil ɗin.