Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a kan 'yarmu

Assalamu alaikum warahmatullah. Da izinin 'yata nake rubuta wannan saƙo, kuma ita ce ta roƙe ni kada in ambaci sunanta ko na wani, saboda haka duk wanda ya ga kansa a ciki ya san da shi nake.

A watan Agustan bara sakamakon WAEC ya fito, yarinyar mai shekara 17 ta sami kiredit a darussa shida, amma ta tashi da F9 a lissafi, ga shi ba mu sami halin biya mata NECO ba. A fannin da take nema, jami'a ba ta ɗaukar ɗalibi sai da kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi, don haka makin da ta ci a JAMB, wanda ya haura 200 cikin 400, ya tashi a banza. Muka ce mata ƙaddara ce, muka ba ta haƙuri na kwana biyu, kowa ya koma harkarsa. Ita kuwa ta daina fitowa tsakar gida, ta daina zuwa Islamiyya, barci ya ƙaurace mata, tuwon da aka kai mata da dare sai a same shi da safe a rufe a bayan ƙofa. Kafin wata biyu ɗinkin sallarta ya yi mata yawa, kuma duk baƙuwar da ta shigo sai ta ce, "Ke kuwa me ke cin ki, kin koma kamar tsinke?" Ni kaina na faɗa mata irin wannan magana, ba sau ɗaya ba, ina ganin lallashi nake yi.

Godiyata ta farko ga gwaggonta ce, yayar maigidana, wadda ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Lokacin da kumatun yarinyar suka fara cikowa ni murna na yi, na ɗauka sauƙi ne ya samu. Yaya ta zo ta dube ta sau ɗaya, ta ja ni ɗaki ta ce, "Wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne, dubi hannuwanta." A ƙarƙashin katifa muka sami ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, cikinsu har da dexamethasone, ta fi wata guda tana sha a ɓoye don mutane su daina yi mata maganar rama. Na ɗauko zan watsa su a masai, Yaya ta riƙe hannuna, ta ce wanda ya daɗe yana shan irin wannan magani ba ya dainawa rana ɗaya, domin jiki ya riga ya rage samar da nasa sinadarin, yankewa farat ɗaya na iya kayar da mutum. Yaya, Allah ya saka miki da gidan Aljanna.

Ina godiya ga likitan da ya auna mata sukari da hawan jini, ya riƙa rage mata maganin sannu a hankali cikin makonni, bai taɓa yi mata faɗa ba. Shi ne ya tura mu wajen likitar ƙwaƙwalwa, kuma a nan aka sha fama, domin maigida ya ce 'yarsa ba mahaukaciya ba ce. Limamin unguwarmu ne ya zaunar da shi bayan sallar Isha'i ya nuna masa cewa addu'a da neman magani ba kishiyoyi ba ne. Malam, mun gode. Likitar ta ce ciwon damuwa ne, kuma ba a kanmu aka fara ba, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Ta tambayi yarinyar kai tsaye ko ta taɓa jin rayuwa ta ishe ta, tambayar da ni mahaifiyarta ban yi ƙarfin halin yi ba, kuma amsar da na ji ita ce ta sa na daina barin ta ta kwana ita kaɗai.

Malamin lissafin da ya riƙa zuwa sau uku a mako, ya koma da ita tun daga abin da ya kuɓuce mata a ƙaramar sakandare, bai karɓi komai ba sai kuɗin mota, shi ma sai da aka matsa masa. Ƙawarta kuma ba ta gaji da zuwa ba ko a ranakun da ake ƙin buɗe mata ƙofa. Allah ya yi muku albarka.

Ta sake zama jarrabawar masu zaman kansu a ƙarshen shekara, ta sami C5 a lissafi, za ta haɗa sakamakon biyu, sai dai dole ta sake JAMB tunda makinta shekara ɗaya yake aiki. Tana ci gaba da ganin likita duk wata. Roƙona ga 'yan'uwa da za su zo yi mana barka shi ne, don Allah kada wanda ya ce mata ta rame ko ta yi ƙiba. Ku gaisa da ita kawai, ta kawo muku ruwa.