Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Akwatin Kaset ɗin Baba

A makon jiya na tsaya ne a 1987, shekarar da na gama firamare a Funtuwa. Baba ya ce kafin sakamakon jarrabawa ya fito ba zai bar ni ina gararamba a unguwa ba, don haka na fara bin sa a mota.

Motar babba ce, mai bodin katako, kuma ba tasa ba ce, tuƙi kawai yake yi wa wani Alhaji. Lokacin kaka auduga muke ɗauka, sauran lokuta masara ko dawa, mu nufi Gusau ko Zariya. A ƙarƙashin kujerarsa akwai wani akwatin ƙarfe mai ƙaramin kwaɗo. Da farko na zaci kuɗi ne a ciki. Ranar da ya buɗe sai na ga kaset ne jere, kowanne an rubuta sunan mawaƙin da ajami a jikinsa. Rikodar kuwa 'yar ƙarama ce mai cin batir huɗu, an ɗaure ta da roba a gaban mota don kada gargada ta yar da ita.

Ni ɗan fari ne, kuma wanda ya tashi a gidan Bahaushe na wancan zamani ya san abin da hakan ke nufi. Baba ba ya kiran sunana, ba ya hira da ni. "Kai" ne kawai, ni kuma in ce "Na'am Baba" in durƙusa. Inna ma haka, ko kallona ba ta cika yi a gaban mutane ba. Amma da mota ta hau kwalta, kalangun Shata ya tashi, sai bakin Baba ya buɗe. Ba ni yake kallo ba, hanya yake kallo, amma da ni yake.

"Kai, ka ji abin da kalangun nan ya ce?"

"Ban ji ba, Baba."

"To sake kasa kunne. Makaɗin yana matse tsarkiya a hammata, murya ta hau, ya sake ta, ta sauka. Magana yake yi kamar ni da kai."

Sai ya mayar da kaset baya, ya faɗi kalmomin a hankali tare da kiɗan. Ranar da na fara jin maganar kalangu da kunnena, muna gab da Yankara, tsigar jikina ta tashi. Na faɗa masa abin da na ji. Bai ce komai ba, amma da muka tsaya ya saya mini tsire.

Alhaji Mamman Shata a wurinmu ba baƙo ba ne. A Musawa aka haife shi, amma Funtuwa ya mayar gida shekaru masu yawa, kuma yaran gari duk mun san ƙofar gidansa. Abin da ya fi burge Baba game da shi shi ne ba ya zama ya tsara waƙa a takarda. A filin wasa yake ƙera ta, ya dubi mutum, ya ji sunansa da na garinsu, nan take ya saƙa su cikin baiti, 'yan amshi su karɓa. Da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, Baba ya yi ta murna kamar ɗan'uwansa aka karrama. Daga ranar bai ƙara cewa Shata kai tsaye ba, sai Dakta.

Kowane yanki na hanya da mawaƙinsa. In mun doshi Tsafe, Musa Ɗanƙwairo ake sa wa, domin ya yi wa 'Yandoton Tsafe waƙar da har gobe ba ta tsufa. Kiɗan kotso ne, na fada, kuma yadda shi da 'ya'yansa ke karɓeɓeniya, wannan ya ɗauko wancan ya ƙarasa, har yau ban ji inda aka yi kamarsa ba. In dare ya raba, Baba sai ya ciro Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa. Kaset ɗin ya sha ɗauka daga wani zuwa wani har muryar ta dushe, ga Hausar Gobir mai nauyi. Rabin kalmomin ban gane su ba a lokacin, Baba ne ke warware mini su ɗaya bayan ɗaya, har da tarihin sarautar da ake wasawa. Abin da na sani game da Gobir da Zamfara a gaban motar nan na fara koyonsa, ba a aji ba.

Da an ji kiran salla a garin da muke ratsawa, hannunsa na kan maɓallin rikoda kafin ladan ya kai ƙarshen kabbarar farko.

Akwai yaron motarmu, saurayi ne da ya girme ni da kusan shekara goma, ina ce masa Yaya. Shi nasa gwanin Ɗanmaraya Jos ne. Ya taɓa haɗa mini kuntigi da gwangwanin kifi da 'yar fata da tsirkiya ɗaya, don in ga ƙanƙantar abin da mutumin nan ke riƙewa shi kaɗai, babu 'yan amshi, ya cika fili. Waƙar Karen Mota ita ce tasa. Ni dariya take ba ni, har sai wani dare da ruwa ya tsuge mana a kan hawa kusa da Kwatarkwashi. Mota ta mutu, ta fara silalowa baya. Yaya ya diro cikin ruwan da waji a hannu, ya cusa a bayan taya, ya kwana jiƙe sharkaf a kan buhuna. Da gari ya waye ya sa waƙar, na ga idonsa ya kawo ruwa. Tun daga nan na daina dariya in an sa ta.

A gida kuwa duniyar Inna daban ce. Ita Barmani Coge ce tata, 'yar garinmu, mai amada. In ana biki a unguwa, aka kifa ƙore aka fara kaɗawa, maza ba sa shiga, sai mu yara mu leƙa ta zana. Inna tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa na sayarwa, kuma in tana matsar tunkuza, waƙoƙin Barmani masu zaburar da mata su kama sana'a take rerawa ƙasa-ƙasa. Da kuɗin man nan aka saya mini akwatin tafiya sakandare.

Kaset ba ya mutuwa a hannun Baba. In zare ya harɗe, zai ja shi a hankali, ya zura biro ya naɗe. In ya tsinke, ya ɗiga jan farcen Inna ya liƙa. Wurin da aka liƙa ɗin yakan haɗiye kalma ɗaya ko biyu, kuma har yanzu in na ji waɗannan waƙoƙi a waya, kunnena yana jiran wannan ɗan tsallaken.

A 1999 Baba ya riga ya bar tuƙi, idonsa ya yi rauni. Ranar Juma'a 18 ga Yuni aka sanar a rediyo cewa Allah ya yi wa Shata rasuwa a asibiti a Kano, kuma a Daura aka yi masa sutura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Na tarar da Baba a zaure, akwatin ƙarfen na gabansa a buɗe, bai kunna komai ba. Na durƙusa na yi masa gaisuwa kamar yadda ake yi wa wanda aka yi wa mutuwa, ya amsa, ya yi wa mamacin addu'a mai tsawo.

Can ya ɗago ya ce, "Kai, kana da aiki gobe?"

Na ce, "Babu, Baba."

"To ka nemo mana mota. Daura za ka kai ni."

Labarin wannan tafiya, da abin da ya faɗa mini a hanya game da aurena, shi zan kawo a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.