Ranar da hayaƙi ya ƙi fita

Shagona na walda yana wajen Ƙofar Marusa a Katsina. Ƙofofi da tagogi su ne cin abincinmu na kullum, amma da hunturu ya kama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai aikin bututun hayaƙi ya taso mana.

Wata asuba a Disamba wani Alhaji mai gidan burodi ya kira ni. Tandarsa da man dizal take aiki, kuma ni na yi masa bututun shekara biyu da suka wuce. Ya ce, "Malam, aikinka ya lalace. Hayaƙi cikin ɗaki yake dawowa, burodi duk kunkunniya, yarana biyu kansu na sarawa." Ciwon kan nan ne ya tashe ni tsaye. Baƙin hayaƙi ai ana ganinsa a gudu. Abin tsoro shi ne iskar kabon monoksaid da ke biyo shi, ba ta da launi, ba ta da wari, sai dai mutum ya ji jiri da kasala, in barci ya ɗauke shi shi ke nan. Na ce, "Ranka ya daɗe, a kashe wuta, a buɗe ƙofa, a kai yaran asibiti, ga ni nan."

Bututu ba ya jan hayaƙi da ƙarfinsa. Iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, sai ta haura, wata kuma ta shigo ɗaki ta maye gurbinta. Da na isa sai na tarar yara sun cusa buhuna a kowace taga saboda jaura, ga kuma fankar bango mai zuƙe zafi tana ta gudu. Na kunna turaren tsinke na kai bakin ƙofa, hayaƙinsa ya miƙe zuwa ciki kamar ana jansa da zare. Ɗakin yunwar iska yake yi, kuma hanya ɗaya ta rage masa ya samu: bututuna. Da na hau rufi na ga matsala ta biyu. Maƙwabci ya ɗora bene ta arewa maso gabas, daidai inda iskar hunturu ke fitowa. Tana tsallako benen sai ta gangaro ta danna hayaƙin ƙasa.

Maganin matsala ta biyun daga wajen masu jirgin ruwa na same shi, ni da ko teku ban taɓa gani ba. Wani yarona da ba ya rabuwa da waya ya taɓa cewa, "Oga, duba wannan." Ƙananan jiragen ƙasashen sanyi ne, masu murhun ɗumama ɗaki irin na kamfanin Refleks na Denmak da Dickinson na Kanada. Dizal ke ɗiga a hankali cikin tukunya yana ci, bututun kuma gajere ne, don a jirgi ba a samun tsawo. Iska na bugun babban ƙyallen da ke tura jirgin sai ta sauko cikin bututu, ɗaki ya cika da kunkunniya, ko wutar ta mutu. Ashe ƙyallensu shi ne benen maƙwabcinmu. Suna ɗora wa bututun hula mai siffar harafin H: bututu ɗaya a kwance, biyu a tsaye a gefensa, buɗe sama da ƙasa. Iskar da ta faɗo ta sama ƙasa take wucewa, ba ta samun hanyar uwar bututun, har ma ta ja hayaƙin ta fice da shi. Kuma ba sa rufe jirgin ruf, kullum akwai kafar shigar iska.

Haka na yi wa Alhaji. Na cire gwiwa ɗaya, don kowace lanƙwasa tana rage ja. Na ƙara tsawo bisa ƙa'idar da ake bi a Amurka: bututu ya ɗara rufi da ƙafa 3, ya kuma ɗara duk abin da ke cikin tazarar ƙafa 10 da ƙafa 2. Na naɗe ɓangaren waje da audugar gilashi don kada sanyin asuba ya huce hayaƙin tun bai kai sama ba. Sai na fasa bango ta ƙasa kusa da tanda, na sa raga.

A kan wannan kafar muka fi jayayya. Alhaji ya biya kuɗin hula ba ciniki, don ana hango ta daga titi, amma ya ce ta yaya zai biya ni in huda masa bango. Na toshe kafar da kwali, na kunna fanka, na miƙa masa turaren tsinke ya gwada da hannunsa. Bai ƙara magana ba.

Bayan sati na biya ta wajen, na tarar wani yaro ya jingina buhun fulawa a bakin ragar. Yanzu na yi mata keji na rodi.